Wanke robar ruwan lagireto: tambayoyin da masu mota a Ikko suka fi yi

Waɗannan tambayoyi daga bakin 'yan'uwa masu mota a nan Ikko na tattaro su: direbobin Bolt da Uber, masu ɗauko kayan gwari daga Mile 12, da magidantan da motarsu ɗaya ce tak ta kai yara makaranta. Wasu a gareji ake yi mini su, wasu a ƙofar masallaci a Agege bayan an sauko Juma'a, wasu kuma ta waya da daddare bayan mota ta riga ta tsaya a hanya. Duk a kan 'yar robar nan ce da ke gefen lagireto, wadda ba a waiwayarta sai ranar da tururi ya tashi.

Wace roba ce ake nufi, kuma mene ne aikinta?

Idan ka ɗaga bonet za ka ga wata roba fara-fara wadda ake hango ruwan cikinta daga waje, da siririn tiyo da ya haɗa ta da lagireto. A jikinta akwai layi biyu, na ƙasa an rubuta MIN ko LOW, na sama MAX ko FULL. Wasu kanikawa rizaba suke ce mata, wasu galan ɗin lagireto. Kada ka rikita ta da robar ruwan goge gilashi, wadda murfinta ke ɗauke da hoton gilashi da feshin ruwa. In ka yi shakka, bi tiyon da hannu ka ga inda ya ƙare.

Ruwa in ya ji wuta kumbura yake yi. Daga sanyin safiya zuwa gab da tafasa yakan ƙaru da kimanin kashi 4 cikin 100. A motar da ke cin lita 6, ƙarin ya kai wajen rabin ledar fiyawata, kuma dole ya sami wurin zuwa. Robar nan ce masaukinsa. Da inji ya huce ruwan ya tsuke, sai ya koma inda ya fito. Kullum ka tayar da mota ka kashe, sai an yi wannan kai da komo.

Duk motoci iri ɗaya ce robarsu?

A'a, iri biyu ce, kuma sanin taka shi ne farkon aiki. Iri na farko shi ne na yawancin Corolla da Camry da Accord na shekarun 2000 da suka cika titunanmu. Su murfin ƙarfe yana kan lagireto, shi ke riƙe matsi, ita kuwa robar murfinta na ɗosawa ne kawai, ba matsi a cikinta. Wannan ba ta da wuyar sha'ani.

Iri na biyu shi ne na motocin Turai kamar Golf da Passat da Mercedes da BMW da Peugeot 406. A nan robar ce ke ɗauke da murfin matsi mai murɗawa, ruwan inji yana ratsa ta kai tsaye, zafinta da matsinta ɗaya ne da na cikin inji. Duk inda na ce "roba mai matsi" a amsoshin da ke tafe, wannan nake nufi.

Motata ba ta zafi. Me zai sa in wahalar da kaina da wanke ta?

Saboda ta nan kaɗai kake iya leƙa ruwan injinka ba tare da ka kwance komai ba. Roba in ta yi dauɗa, tsohon ruwa yakan bar zobe a jikinta daidai inda ya saba tsayawa. Sai ka duba da safe ka ga layin dauɗar a kan MAX, ka ɗauka ruwa ne, alhali cikinta wayam. Na sha ganin injin da ya ƙone ta wannan hanya, mai shi yana rantsuwa cewa ya duba ruwa kafin ya fito. Gaskiya ya faɗa, ya duba, zoben ne ya yaudare shi.

Sannan lakar da ta kwanta a gindinta ba zama take yi ba. Duk lokacin da inji ya huce ya zuƙi ruwa, sai ya ja kaɗan daga cikinta zuwa lagireto, wanda hanyoyinsa sirara ne ƙwarai. Motar da rabin lagiretonta ya toshe za ta iya yin gudu a titin Ibadan lami lafiya domin iska na bugunta. Amma bari gosulo ya riƙe ta a gadar Third Mainland, kilomita 11.8 ba inuwa ba wurin raɓewa, esi a kunne, a nan allura take hawa.

Me ke kawo dauɗar nan tun farko?

Wannan ce tambayar da na fi so a yi mini, kuma roƙona shi ne kada ka wanke robar sai ka tsaya ka kalli abin da ke cikinta da kyau. Ɗauki hoto da waya, ka tsiyayi kaɗan a farar roba ka kai hasken rana. Dauɗar tana gaya maka ciwon da ke cikin inji, in ka wanke ta ba ka karanta ba ka zubar da shaida.

Jan ruwa mai laka, kalar kududdufin damina, tsatsa ce. Tana nufin an daɗe ana zuba wa motar ruwa zalla ba kulan (ruwan lagireto mai launi da ake sayarwa a galan), ƙarfen ciki yana ci. Farin ɓawo mai kaushi irin na gindin butar shayi kuwa daga ruwan rijiya ko na burtsatse yake. Idan abin ya yi kauri da yauƙi kamar koko ya kwana, ko dai an gauraya kulan iri biyu da ba sa jituwa, ko an taɓa zuba maganin toshe yoyo. Har ƙwai da garin barkono wasu ke zubawa in lagireto ya huje a hanya, kuma duk a nan suke tarewa. Baƙin gari-gari da ke shafa a yatsa alamar tiyo ne ya tsufa yana zagwanyewa ta ciki.

Akwai biyu da suka fi waɗannan muni: mai da ke yawo a saman ruwa ko ya haɗe da shi ya zama kamar kunun gyaɗa, da kuma kumfa da ke ta tasowa inji na aiki. Su na ware musu amsa ta daban a ƙasa, a tambayar mai a cikin roba. Masu wasu Golf da Audi na wajen 2013 zuwa sama su kuma su duba ko an rubuta "Mit Silikat" a jikin robarsu. Irin wannan akwai 'yar jaka mai ƙwayoyi a cikinta, in ta fashe ƙwayoyin sukan bi ruwa su toshe hita, na'urar ɗumama cikin mota. Wanda ya ga abu kamar yashi a irin wannan roba, canja ta zai yi.

Yaushe ne ba haɗari a buɗe murfin?

Da safe, kafin a tayar da mota. In kuwa ta yi tafiya, sai ka iya riƙe babban tiyon sama da hannu ka matsa shi ka ji ya yi laushi, ba zafi. A nan Ikko da muke daidai da teku, ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, amma a ƙarƙashin murfin matsi yakan kai wajen 120 bai tafasa ba. Da ka murɗa murfin matsin ya fita, ruwan nan gaba ɗaya yake tafasa a take ya yi tsiri zuwa fuska. Tsumma ba ya kare mutum daga wannan.

In tsautsayi ya afka, a sa wurin ƙunar a ƙarƙashin ruwa mai sanyi mai gudana na minti 20, sannan a tafi asibiti. Kada a shafa man goge baki, ko ƙwai, ko gishiri, ko baƙin mai. Lambobin gaggawa na jihar Legas 112 ne da 767.

Dole sai na cire ta? Ba a wanke ta a jikin mota?

Cire ta. Duk abin da ka zuba mata tana jikin mota, sabulu ne ko wani abu, rabinsa inji zai tafi. Masu wankin mota da ke zura mata tiyo su cika ta har ta yi ambaliya, saman dauɗar kawai suke ɗagawa, ta gindin tana nan.

To yaya ake cire ta?

Ta Toyota da Honda sau da yawa ko sifana ba ta buƙata. Zare siririn tiyon, ka ja robar sama, za ta fito daga maƙalinta. Wasu akwai noti ɗaya ko biyu na lamba 10. Aikin minti biyar ne.

Roba mai matsi ita ce ke son natsuwa. Fara zuƙe ruwan cikinta da babban sirinji ko ɗan famfon hannu, kada ka ja da baki, dalili yana amsar zubar da tsohon ruwa. Sa roba a ƙasa ta tari abin da zai zuba. Matse kilif, ƙarfen da ya ɗaure bakin tiyo, da filaya ka ja shi baya, sannan ka murɗa tiyon hagu da dama har ya saki kafin ka ja. Kada ka sa sukudireba ka ɓanɓare shi, domin bakin robar da ya sha zafin shekaru ƙaris yake, yana karyewa kamar busasshen kara. Mafi yawansu akwai sensa a gindi ko a gefe mai nuna ƙarancin ruwa a dashbod, cire soket ɗinta a hankali. Tiyon ƙasa kuma ɗaga bakinsa sama ka ɗaure, in ba haka ba ruwan inji zai yi ta tsiyaya.

Hannu ba ya shiga, buroshi ba ya kai lungu. Da me ake wanke cikin?

Fara da ɗauraya da ruwa zalla sau biyu ko uku har lakar da ba ta kama ba ta fita. Sai ka zuba ruwan ɗumi, wanda hannu ke iya jurewa, zuwa rabi, da ɗan sabulun wanke-wanke ko cokali ɗaya na omo. Toshe bakunan da yatsa ko leda, ka girgiza sosai. Ruwa kaɗai ba ya kankare abin da ya manne, shi ya sa ake zuba wani abu mai gogawa. Ni ƙananan notina nake sawa, kuma ina ƙirga su kafin in zuba, in ƙirga bayan na juye. Tsakuwa wankakkiya ma tana yi, haka ɗanyar shinkafa, sai dai shinkafa kada ta wuce minti kaɗan a ciki don tana kumbura ta maƙale. A roba mai matsi ka yi hattara da duk waɗannan, domin cikinta ɗaki-ɗaki ne da 'yan ƙofofi, abu yakan shige lungu ya ƙi fita sai ranar da zai tafi ya kashe wata-famfo, famfon da ke zagaya da ruwa a cikin inji. Ita na fi son a jiƙa ta kawai a yi ta girgizawa.

Akwai dabarar da ke kai wa kowane lungu. Yanki ɗan soso, ka cusa noti a cikinsa ka ɗaure da zare, ka jefa a robar, sannan ka sa maganaɗisu mai ƙarfi ta waje kana jan sa a jikin bango. Maganaɗisun tsohuwar sifika ya isa. Buroshin wanke fidar jarirai ma yana shiga wasu.

Farin ɓawo da tabon tsatsa ba sa jin sabulu, tsami suke ji. Ɗauraye sabulun tas, ka zuba farin ruwan khal da ruwan ɗumi rabi da rabi, ka bar shi awa biyu ko ya kwana. Wanda bai samu ba ya matse lemon tsami ya tace. Bayan nan ɗauraya, ka sake ɗauraya, har sai ka girgiza ruwa zalla ba ka ga kumfa ko ɗaya ba kuma hancinka bai ji tsami ba. A wurin ɗaurayar nan mutane suka fi gajen haƙuri, kuma omon da ya saura kumfa zai yi a cikin inji, kumfa kuwa ba ta ɗaukar zafi. Kife ta a inuwa ta tsane.

Wani ya ce in sa fetur, wani ya ce soda, wani ya ce Hypo. Wanne ya fi?

Ba ko ɗaya. Fetur da kananzir suna kumbura robar tiyo da ta murfi, ɗan abin da ya saura a lungu ya isa ya lalata su. Sodar yin sabulu tana cin alminiyam, kuma lagireto da tof silinda (murfin saman inji) na motocin yanzu alminiyam ne. Hypo da sauran ruwan bilic su ma suna huda alminiyam a hankali, sannan in suka haɗu da ruwan khal suna fitar da iska mai guba da ke kama ƙirji. Asid ɗin batir kuwa kada ma ya kusanci wurin.

Na wanke har hannuna ya gaji, amma ta ƙi yin fari.

In ka shafa yatsa ta ciki ba abin da ya biyo shi, ta wanku. Rawayar da kake gani a cikin jikin robar take, zafi da shekaru ne suka rina ta, ba sabulun da zai fitar. Zuba ruwa ka haska tocin waya ta bayanta. Kana ganin inda ruwan ya tsaya? To ta isa aiki. In ba ka gani ko da toci, amfaninta ya ƙare, ka duba amsar sayen wata.

Maigida, na ga mai a cikin robar. Wankewa zai wadatar?

Ba zai wadatar ba, kuma ina roƙonka kada ka bari a wanke maka ita a ce an gama. Mai ba shi da hanyar shiga ruwa sai wani abu ya fashe. Wurare uku ake tuhuma. Na farko tof gasket, shimfiɗar da ke tsakanin tof silinda da jikin inji, musamman in motar ta taɓa yin zafi sosai. Na biyu kular baƙin mai, wato na'urar da ke sanyaya shi da ruwan inji, a motocin da ke da ita, kuma a motocin Turai ita ce ta fi yawan laifi. Na uku, a mota mai giya otomatik, man giya yana ratsa wani bututu a cikin lagireto domin ya huce, in bututun ya huje sai ruwan ya koma kalar hoda mai kauri. Wannan na uku gaggawa ne, domin yadda mai ke shiga ruwa haka ruwa ke shiga giya, kuma giyar da ta sha ruwa ba ta daɗewa.

Zaro sandar gwada baƙin mai da ta man giya ka duba ko sun yi fari-fari. Duba ƙarƙashin murfin zuba mai. In kuma kumfa ce ke tasowa ba ƙaƙƙautawa, ko tiyo yana yin tauri kamar taya minti kaɗan da tayar da inji, ko farin hayaƙi mai ƙamshin zaƙi yana fita ta salansa, gasket ake zargi. Akwai gwajin da ake yi da wani shuɗin ruwa a bakin lagireto, in hayaƙin inji na shiga ruwa sai ya koma rawaya. Nemi a yi maka shi kafin ka yarda a sauke tof silinda, domin an sha sauke shi a banza alhali kula ce ta huje. Bayan an gyara, robar takan buƙaci wanki da sabulun wanke-wanke sau da yawa, tiyoyin da suka sha mai suka yi laushi kuma a canja su.

Na wanke ta fes, bayan mako biyu ta koma ja. Me ya faru?

Robar lita ɗaya ce ko ƙasa da haka, sauran lita biyar ko shida suna cikin inji da lagireto da hita da dauɗarsu. Sai an wanke hanyar ruwan gaba ɗaya. Inji na sanyi, a buɗe ɗan famfon da ke gindin lagireto a juye, a cika da ruwa mai tsabta, a murɗa hita zuwa zafi, a bar inji ya yi aiki har tiyon sama ya ɗau zafi, a kashe, a jira ya huce, a sake juyewa. Haka za a yi ta yi har ruwan ya fito garau. Motar da ta daɗe tana shan ruwan burtsatse takan ci zagaye huɗu ko biyar. Maganar hita kada a tsallake ta: mu nan ba mai kunna ta, kuma a wasu motocin ruwanta ba ya zagayawa sai an buɗe, sai ta zama rumbun tsatsa.

Tunda an zo nan, bari in faɗi abin da ke damuna. Da yawa in an je wannan aiki sai a ce a cire tamostat, 'yar ƙofar da ke tsare ruwa sai inji ya ɗau zafi, a yar, wai na ƙasashen sanyi ne. A Toyota wajen digiri 82 yake buɗewa, aikinsa ya kai inji zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai. In babu shi mota takan ƙara shan mai, ciwon da ya sa ta zafi kuma yana nan an rufe shi ne kawai. In ya lalace a sa sabo.

Ikko ba a ƙanƙara. Me zai sa in sayi kulan, ga ruwa ko'ina?

Gaskiya ne kulan rabi da rabi yana hana ruwa daskarewa har wajen digiri 37 ƙasa da sifili, kuma wannan ba damuwarmu ba ce. Gaskiya ne kuma ruwa zalla ya fi shi ɗaukar zafi. Amma a cikin kulan akwai magungunan hana tsatsa, su ne muke saye. A cikin inji ƙarfe da alminiyam suna zaune a ruwa ɗaya mai zafi, in ba maganin da ya shiga tsakaninsu sai su yi ta cin juna. Jan lakar da muka yi magana a baya, jikin injinka ne ya narke ya zo robar.

Ruwan namu kuma ba mai sauƙi ba ne. Duk wanda ya zauna Lekki ko Ajah ya san yadda ruwan burtsatse ke rina bokiti da tayil, ga gishiri-gishiri a unguwannin bakin teku. Na 'yan garuwa daga irin waɗannan rijiyoyi yake. Fiyawata ya fi su, kuma in mota ta yi zafi a Oshodi ba abin da ke kusa sai shi, jira ta huce ka zuba ka isa gida, ba laifi. Laifin shi ne ya zama abincinta na kullum. Kulan da aka riga aka gauraya, zuba shi ake yi yadda yake. Mai kauri kuwa ana haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, wanda ba asid a ciki. Karanta jikin galan da idonka, kada ka dogara da faɗar mai shago.

Ja, kore, hoda, shuɗi: wanne zan zuba, kuma ana haɗawa?

Launi rini ne kawai, ba shi ke nuna abin da ke ciki ba. Bi abin da littafin motar ya ce. Toyota tana da ja mai kauri da ake gaurayawa, da kuma mai kalar hoda da ke zuwa a gauraye. Volkswagen nata lambobi ne irin G12 da G13, sau da yawa an buga a jikin robar. In ba ka san abin da ke cikin motar ba, kamar yadda yake ga duk wanda ya sayi tokumbo, wato motar da aka yi amfani da ita a ƙasar waje, kada ka ƙara wani a kai. Juye duka, ka wanke kamar yadda aka bayyana a amsar robar da ta koma ja, ka fara da iri ɗaya ka tsaya a kansa.

Na mayar da ita. Zuwa ina zan cika, kuma me ake nufi da fitar da iska?

Inji na sanyi, ruwa ya tsaya tsakanin layin biyu, kusa da na sama. Kada ka cika ta har wuya, sararin da ya rage shi ne wurin kumburar da muka faɗa a farko. A Toyota da Honda, in robar kaɗai ka cire, ba iskar da ta shiga inji, sai dai ka buɗe murfin lagireto ka tabbatar shi ma cike yake.

Roba mai matsi kuwa, ko in an juye ruwan duka, iska takan maƙale a ciki ta hana ruwa zagayawa. Bar murfi a buɗe, hita a kan zafi, inji na aiki a tsaye, kana matsa tiyon sama kana ƙara ruwa in ya sauka, har kumfa ta daina fitowa. Rufe, ka jira fanka ta tashi ta tsaya. Peugeot 406 da BMW suna da 'yan sukurorin fitar da iska, sai an sassauta su har ruwa ya fito ba kumfa. Kwana uku a jere ka duba da safe. Ya ɗan sauka a rana ta farko ba komai, in yana ta sauka akwai yoyo.

Murfin da siririn tiyon fa, su ma ana wanke su?

Ana wankewa, kuma sun fi robar muhimmanci. Hura tiyon da ruwa ka ga yana wucewa, in akwai wanda ya nutsa daga murfi zuwa gindin robar ka tabbatar bai tsage ba, bai faɗi ba. Murfin matsi ƙofa biyu gare shi: ɗaya tana sakin ruwa in matsi ya yi yawa, ɗaya 'yar ƙarama a tsakiya tana barin sa ya dawo. In ƙaramar ta manne da laka, za ka ga roba cike maƙil, lagireto ba ruwa, babban tiyo ya shafe kamar an tsotse shi. Wanke shi da tsohon buroshin haƙori. In robar bakinsa ta tsage ko ta taurare, sayi sabo mai lambar matsi ɗaya da tsohon. Na Toyota yawanci 0.9 ne ko 1.1, na Volkswagen wajen 1.4, sau da yawa an buga a jikinsa.

Ni a tsakar gida ake yi mini aikin, ga yara ga awaki. Ina za a kai tsohon ruwan?

Hajiya, kin yi tambayar da ta fi kowace nauyi. Kulan guba ne, yana kashe ƙoda, kuma abin tsoron shi ne zaƙi gare shi. Jan kamar zoɓo yake a ido, koren kamar lemon kwalba. Kada ki yarda a zuba shi a gorar lemo ko ta ruwan sha ko da na minti ɗaya ne. A tara shi a galan mai murfi, a rubuta a jiki, a ɗora inda hannun yaro ba ya kaiwa, a kai wa gareji. Wanda ya zube a ƙasa a zuba masa yashi a kwashe, domin kyanwa da kaji da awaki suna lasa. Kwata kuma ba wurinsa ba ce, kwatocin garin nan a lagun suke ƙarewa.

In yaro ya sha, ko kina zargin ya sha, a tafi asibiti nan take da galan ɗin a hannu. Kada a tsaya ba shi manja ko madara, kada a sa shi amai, kada kuma a ce ai ga shi yana wasa. Da farko kamar maye yake yi, ɓarnar sai daga baya take bayyana.

Na tarar ta tsage. In liƙe ko in sayi wata a Ladipo?

Wadda ba matsi a cikinta, masu walda robar bamba suna iya narka ta su toshe, ta yi shekaru. Gam da aradaid ba sa kama irin wannan roba, za su ɓalle. Mai matsi kuwa ba a liƙe ta, in ta tsage a wuri ɗaya sauran jikin ma ya gaji, kuma fashewarta lokaci ɗaya take zubar da ruwan inji duka.

A kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo ko ta ASPAMDA da ke Trade Fair za ka sami sabuwa da ta Baljiyam, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje. Tafi da tsohuwar a hannu a gwada bakunan tiyo da wurin sensa. Ta Baljiyam ka tuna ita ma ta sha nata zafin a can, ɗaga ta a rana ka duba gaɓar da aka haɗa sama da ƙasa da kewayen wuya, in ka ga 'yan layuka farare kamar gashi ka ajiye. A roba mai matsi ni sabuwa mai kyau nake ba da shawara, da sabon murfi tare.

Sau nawa ya kamata a wanke, kuma in zan tafi gida Arewa fa?

Duk lokacin da aka canja kulan. Tsohon nau'in kore shekara biyu yake yi. Mai kalar hoda na Toyota an tsara masa shekara 10 ko kilomita 160,000 a zubin farko daga kamfani, daga nan kuma shekara 5 ko kilomita 80,000, kuma tokumbon da ta iso hannunka ta daɗe da cinye na farkon. Motar da ke kan kulan mai kyau, ɗauraya kawai robarta ke buƙata.

Tafiyar Sallah zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ce, da kaya da iyali. Kada ka yi wannan aiki daren tafiya. Yi shi mako guda kafin nan, domin iskar da ta maƙale da kilif ɗin da bai kama ba su nuna kansu a cikin gari, ba a dajin Mokwa ba. Masu zuwa Jos su fi kula da murfi: garin yana sama da teku da wajen mita 1,200, ruwa a buɗe yana tafasa a can tun digiri 96, kuma murfin da ya yi rauni bai nuna a Ikorodu Road ba, a Hawan Kibo zai nuna. Sa galan ɗaya na irin kulan ɗin da ke cikin motar a but, da kilif biyu da filaya.